Ƙidayar Tsallake: Gadon da Ya Kamata Mu Mayar wa 'Ya'yanmu



Batun da zan yi magana a kansa yau, wani zai ga kamar ƙarami ne, domin bai wuce darasin aji biyu ko uku na firamare ba. Shi ne ƙidayar tsallake, wato yaro ya riƙa ƙirga abu ɗari-ɗari, ko ɗari biyar-biyar, ko dubu-dubu, maimakon ɗaya bayan ɗaya. Amma duk wanda ya daɗe da alli a hannu ya san a nan ake samun yaro a lissafi, a nan kuma ake rasa shi. Wanda bai iya ta ba, haddar jadawalin "sau" kawai zai yi kamar aku, ranar da lamba ta wuce goma sha biyu sai ya tsaya cik.

Jama'a, wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Zamanin da ake ciniki da wuri, kakanninmu ba su ƙirga shi ɗai-ɗai. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa ya iso Kano a 1851, ya rubuta yadda ya ga ana jan wuri biyar-biyar da yatsu, ana tara shi tsibi-tsibi, ɗari bibbiyu ko dubu-dubu. Ashirin ita ce hauya, ɗari biyu metan, dubu ashirin kuwa keso guda. Har yau mai goro ƙwarya yake ƙirgawa, kowace ƙwarya goro ɗari.

Da kuɗin Turawa suka zo, fam ɗari aka kira jaka. Ranar 1 ga Janairu, 1973, aka koma naira, fam ɗaya ya zama naira biyu, jaka ta zama naira 200. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa da dala suke ƙirga, kowace dala sefa biyar, sai dala 200 ta ba da jaka, wato sefa 1,000. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana wannan lissafi a ka, ba ta kuskure.

To, ina sirrin yake? Babbar lamba ba ta da wani hali da ƙarama ba ta da shi. Yaron da ya iya 2, 4, 6, 8, ya riga ya iya 200, 400, 600, 800, sifiri biyu kawai aka ƙara. Wanda ya gane cewa 25, 50, 75, 100 suna zagayowa bayan kowane taki huɗu, ba zai ji tsoron 250 ko 2,500 ba. Ko lamba mai wuyar baki irin 99, sai a ce masa ya ƙara ɗari ya cire ɗaya: 99, 198, 297, 396.

Ga misali. Uwa tana zubin adashi naira 2,500 duk mako. Yaro ya ƙirga: 2,500, 5,000, 7,500, 10,000. Mako huɗu ke nan, dubu goma. Shekara mako 52 ce, wato huɗu-huɗu sau 13, saboda haka zubin shekara naira 130,000 ne. Ya yi ninkawa bai taɓa fensir ba. In ya juyo da ƙirgar baya yana ɗebewa, rabawa ce ya koya.

Bukatar wannan ilmi ƙaruwa take yi. An fito da takardar naira 100 a 1999, ta 200 a 2000, ta 500 a 2001, ta 1,000 a 2005. Yau yaron da aka aika sayen cefane da dubbai yake hulɗa. Na'urar lissafi da ke cikin waya tana ba da amsa, amma ba ta gaya wa mutum cewa yatsansa ya ƙara sifiri bisa kuskure. Wanda ya saba da tsallake shi ne zai dubi amsa ya ce a'a, wannan ta yi yawa. Wanda bai saba ba, a kasuwa za a cuce shi yana godiya.

Saboda haka roƙona gare ku, iyaye, kada ku bar wa malamin makaranta wannan aiki shi kaɗai. Ku ware minti goma bayan cin abincin dare. A zube wake ko 'ya'yan dabino a tabarma, a ce kowane ɗaya naira 500 ne, yaro ya ƙirga da ƙarfi, gaba da baya. Ku fara da Hausa kafin Turanci, domin da harshen da yaro yake tunani da shi yake saurin fahimta. 'Ya'ya mata kuma a sa su a sahun gaba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.