Ranar Ƙarshe a Landan: Me Ɗalibi Zai Kawo Gida?

An roƙe ni in yi magana a kan 'ya'yanmu da ke karatu a ƙasashen waje. Zan ɗauki rana ɗaya tak, wato ranar da na gama karatun tauhidi a birnin Landan, ina shirin dawowa.

Da safe na ɗora akwatina a kan sikeli. Kilo 23 aka yarda wa akwati guda, nawa kuwa ya zarce sosai. Rabin kayan littattafai ne, rabi tsaraba: takalma, agogo da turare na dangi. Dole wani abu ya fita. Na daɗe a zaune ina tunanin wanda zai yi fushi in bai sami nasa ba.

Ina cikin haka sai wani ɗan ƙasarmu ya zo yi mini bankwana. Ya ce, “Fasto, me kake ci na sauri? Ka zauna, akwai aikin gadi na dare. Abin da za ka samu a mako ya fi albashinka na wata a gida.” Shi kansa bizarsa ta ƙare tun tuni. Mahaifiyarsa ta rasu bai je jana'iza ba, domin ya san in ya fita ba za a bar shi ya koma ba. Ba zan ɓoye muku ba, maganarsa ta shige ni, gama ina da yara huɗu a makaranta.

Abin da ya tsayar da zuciyata shi ne labarin Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram. An kama shi bawa, aka 'yantar da shi, sannan Bajamushen nan Barth ya zo da shi Landan a 1855. A Ingila ya zauna da mai bishara Schön, wanda ya rubuta nahawu da ƙamus na Hausa, ya kuma juya wasu sassan Littafi Mai Tsarki. Daga bakin Dorugu ya ji Hausa mai yawa. A 1864 Dorugu ya komo Afirka, ya yi aikin tafinta, ya ƙare kwanakinsa a Kano a 1912. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932. Bai gan shi da idonsa ba, amma yana cikin waɗanda suka share hanya.

Sai na tuna waɗanda suka aiko ni. Zumuntar mata sun sayar da gyaɗa da dawa suka haɗa kuɗin jirgina. Ilimin nan bashi ne a wuyana. Na fitar da takalma da turare, na bar littattafan. Na biya mai gidan haya sauran kuɗinsa, na yi wa malamaina godiya, na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Heathrow. Bayan tafiyar kamar awa 6 muka sauka a Abuja.

Dattawa, ga roƙona. Sau da yawa mu ne muke sa yaranmu su maƙale a can. Muna bugo waya muna lissafa abin da za su kawo, har yaro ya ji kunyar dawowa hannu wofi. In ɗanku ya kusa gamawa, ku rubuta masa cewa shi muke jira, ba kaya ba. Ku shirya masa wurin hidima, a makaranta ko asibiti ko ikilisiya, kafin ya iso. Nehemiya ya bar fadar Shushan ya koma Urushalima, kuma mutanensa suka tashi suka kama ginin garu tare da shi.

Ku kuma matasa, ku biya bashinku, ku yi sallama da kowa, ku fita kafin bizarku ta ƙare. Wanda aka ba shi izinin zama bisa doka, kada ya manta da gida.

Ubangiji ya kai 'ya'yanmu lafiya, ya komo da su lafiya. Amin.