Maganin Ciyawa da Itatuwan Gonakinmu



Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo ko ta Kabo a farkon damina zai ga samari goye da tankin feshi, ciyawa ta bushe jawur a bayansu. Ba ma zargin manomi. Noma da fartanya wahala ce, kuɗin ƙwadago kuma ya yi tsada. Abin da muke so mu duba shi ne halin da itatuwan gona suke ciki, watau gawo da ɗorawa da kanya da tsamiya.

Magungunan da aka fi sani iri biyu ne. Farakwat yana ƙone ganyen da ya taɓa kawai, kuma guba ne ƙwarai ga ɗan Adam, har Tarayyar Turai ta daina amfani da shi tun 2007. Gilifoset kuwa, wanda ya shigo kasuwa a 1974, ta ganye yake shiga ya gangara har saiwa. Tsohuwar ɗorawa mai kaurin ɓawo ba kasafai take jin jiki ba. Shi ya sa manomi a Getso ko Garo zai nuna mana itatuwansa a tsaye, ya ce ina ɓarnar?

To, ɓarnar tana ƙasa. Ɗan gawon da ya tsiro daga kashin awaki, da tohon da kututture ya fitar, tsawonsu ɗaya da ciyawa, ɓawonsu kuma ɗanye ne. Iyayenmu in suna noma suka tarar da irin wannan tsiro sai su kewaye shi, domin mai fartanya a sunkuye yake, yana gani. Mai feshi a tsaye yake tafe, sau da yawa ma ɗan haya ne, sauri yake yi. Ɗorawa kuwa takan ɗauki shekaru kafin ta ba da kalwa, ran da tsofaffin suka faɗi sannan za a lura babu magada.

Maƙwabtanmu na Maraɗi, daga wajen 1984, sun maido da miliyoyin itatuwa gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, wato barin toho da gyara shi. Wannan tohon ne muke fesawa.

Roƙonmu ga waɗanda za su fita aikin malamin gona shi ne su koya wa masu feshi kafa turke a gindin kowane tsiro, a kifa masa bokiti lokacin feshi, a nome kewayensa da hannu, kada kuma a yi feshi ana iska.