Awo da Mazubi Wajen Kulle Saƙo a Kwamfuta



Kowane Bahaushe ya san zaurance, inda yara kan cusa wasu gaɓoɓi cikin kalma don kada na gefe ya gane abin da suke faɗi. Kwamfuta ma tana da nata zaurancen, sai dai nata da lissafi ake yin sa. Akan ɗauki saƙo a juya shi da wata lamba ta sirri da ake kira mabuɗi, har ya zama ba mai iya karanta shi sai wanda ke riƙe da mabuɗin. Da wannan ne ake tsare takardun albashi, da sakamakon jarrabawa, da kuɗin mutane a banki. Abin da nake so in nuna yau shi ne, komai ƙarfin wannan lissafi, idan aka yi sakaci wajen awon mazubin da ake zuba saƙon, to aikin banza aka yi.

Mu fara da mazubin. A ƙwaƙwalwar kwamfuta akan keɓe wani fili mai iyaka don a ajiye bayani na ɗan lokaci, ana kuma auna shi da bayit, watau kimanin gurbin harafi guda. Wannan fili shi nake kira mazubi. Mai tsara manhaja ba ya ƙirƙiro lissafin kullewa da kansa. Yakan ɗauko shi daga taskar da masana suka tanada, kamar OpenSSL. Amma shi ke tanadar mazubi, shi ke faɗin girmansa. A harshen kwamfuta irin su C kuwa, ba mai tsawata wa wanda ya zuba fiye da cikin mazubi. Abin da ya yi ambaliya sai ya hau kan kayan maƙwabta.

Wuri na farko da ake tuntuɓe shi ne ciko. Dabarar AES, wadda Joan Daemen da Vincent Rijmen 'yan ƙasar Beljiyam suka ƙago, Amurka kuma ta amince da ita a 2001, tana aiki ne da kashi-kashi, kowane kashi bayit 16. A ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin amfani da ita, dole a cike kashin ƙarshe. Alal misali, saƙo mai bayit 20 za a ƙara masa 12 ya zama 32. Mai bayit 16 cif ma sai an ƙara masa kashi guda cur, shi ma ya zama 32, don mai buɗewa ya san inda saƙo ya ƙare. Saboda haka wanda ya tanadi mazubi daidai da tsawon saƙonsa ya riga ya yi kuskure.

Na biyu shi ne ƙidaya. Taskar ba ta mayar da daidai abin da aka ba ta a kowane zubi. Wajen buɗewa takan riƙe kashin ƙarshe sai an shaida mata cewa saƙo ya ƙare, sa'an nan ta cire cikon. Kowane lokaci takan faɗi adadin da ta fitar, wannan adadi kuwa shi za a bi, ba zato ba. Bugu da ƙari, kullallen saƙo ba rubutu ba ne. Yana iya ƙunsar sifiri a tsakiyarsa. Harshen C kuwa yana ɗaukar sifiri a matsayin ƙarshen rubutu. Wanda ya auna shi da ma'aunin rubutu zai datse shi, ranar buɗewa ya tarar da ragowa.

Na uku, wanda ya fi muni, shi ne yarda da awon baƙo. A nan zan kawo abin da ya faru a OpenSSL ita kanta. Akwai wani ɗan saƙo da kwamfutoci biyu kan aika wa juna don tabbatar da cewa layi bai yanke ba. Ɗaya ta aika da kalma tare da tsawonta, ɗayar ta maido mata. To, an manta a sa mai amsawa ta gwada tsawon da aka faɗa da abin da ya iso. Ke nan mugu na iya aiko da kalmar "goro" ya ce harafi dubu ce, kwamfuta ta maido masa goronsa haɗe da duk abin da ke maƙwabtaka da shi a ƙwaƙwalwarta, har kilobayit 64 a tambaya guda, ciki har da kalmomin sirri da mabuɗai. Wannan aibi ya fito cikin OpenSSL a watan Maris na 2012, ba a bayyana shi ba sai ranar 7 ga Afrilu, 2014, bayan Neel Mehta na kamfanin Google da kuma kamfanin Codenomicon na ƙasar Finland sun gano shi. Aka raɗa masa suna Heartbleed. A cikin watan nan hukumar haraji ta Kanada ta sanar cewa an sace lambobin shaida na mutum kimanin 900 ta wannan kafa. Ku lura, ba wanda ya karya lissafin AES. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Don haka, ɗalibai, ku tanadi mazubi da rarar kashi guda, ku bi ƙidayar taska, ku gwada kowane tsawon da ya zo daga waje kafin ku kwafa, ku kuma share mazubin mabuɗi da zarar kun gama da shi. Ku kuma ma'aikata da ke sa hannu a karɓi manhajar ofis, kada ku tsaya ga jin cewa an kulle bayanai. Ku tambayi wace taska aka yi amfani da ita, yaushe aka sabunta ta, wa kuma ya duba aikin ban da wanda ya rubuta shi. Amanar mutanen da sunayensu ke cikin fayilolin nan tana wuyanku.