Jawabin Kwamitin Matasa Kan Yaranmu Masu Wasan Keken BMX

Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban taro, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa mazauna Idi-Araba da kewaye, muna yi muku barka da zuwa.

Abin da ya sa muka nemi a ba mu 'yan mintoci yau ba ɓoyayye ba ne. Kowa ya ji abin da ya faru a watan jiya, da wani yaronmu ya daka tsalle da keke a matakalar shagon wata baiwar Allah, ya fasa mata daɓe, shi kuma ya kare da karaya a hannu. Kafin la'asar magana ta tashi daga "wani yaro" ta koma "yaran Hausawa". Sai da dattawa suka yi sawu biyu kafin ƙura ta lafa. To, mu da ke zaune a garin mutane mun san tsadar irin wannan kalma.

Wasu iyaye sun ce a ƙwace kekunan kawai a huta. Mun gwada, Allah Ya sani. Ka ƙwace yau, gobe ya ari na abokinsa, ya tafi can inda idonka ba ya kaiwa. Kuma mu faɗi gaskiya, iyayenmu, wa ke nan wurin da bai taɓa karɓar keken haya ya saki hannu a kan Raleigh ba? Saboda haka kwamiti ya ga abin da ya fi shi ne a nemo wa yaran nan wurin da za su yi abinsu.

Shi wannan keke, gajere ne mai taya inci 20, ba giya, an yi shi don tsalle da juyi. Ya samo asali ne a Kalifoniya ta Amurka wajen farkon shekarun 1970, inda yara ke kwaikwayon masu tseren babur a kan tuddai. Ba wasan banza ba ne yanzu. Tserensa ya shiga gasar Olamfik a 2008 a Beijin, ɓangaren tsalle da juyi kuma ya shiga a gasar Tokiyo da aka yi a 2021. Akwai ma Courage Adams, haifaffen Nijeriya da ya tashi a Sifen, wanda da keken nan ya yi suna a duniya.

To ina ake yinsa a nan Ikko? Wuri na farko shi ne harabar Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere, wanda aka gina a 1972, aka yi wasannin Afirka a cikinsa a 1973. Shekara da shekaru nan ne matattarar masu irin wannan keke da masu sulu a kan katako mai taya, saboda faɗin daɓensa da matakalu. Daga nan unguwa ba wani nisa. Sai dai a fara zuwa a gaisa da masu gadi a ji dokar wurin, domin akan rufe shi wani lokaci.

Na biyu yana can cikin tsibiri, a Freedom Park da ke Broad Street, inda gidan yarin Turawa yake a da. A 2024 aka buɗe filin sulu a wurin, wanda aka gina musamman da gangare da lanƙwasa na siminti. Amma a tambaya kafin a shigar da keke. Wasu filayen sulu ba su yarda da ƙarafan da ake ɗaurawa a gefen taya, saboda suna kankare bakin siminti.

Ba kullum yaro zai sami kuɗin mota zuwa can ba, shi ya sa suke neman wuri a cikin unguwa. A nan ne muke so a kasa kunne, yara da manya.

Da farko a tambayi kai, wurin na wane ne? In harabar makaranta ce ko filin ajiye motoci da babu kowa ran Lahadi, to yana da mai shi. Babba ɗaya ya je ya nemi izini, a yi magana ido da ido. In an ce a'a, shi ke nan, a nemi wani.

Na biyu, a duba inda keke zai tsaya, ba inda zai tashi kaɗai ba. Yaro yana kallon matakalar da zai dira, ba ya kallon abin da ke bayanta. In gangaren ya ƙare a bakin titi ko a buɗaɗɗiyar kwata, wurin bai yi ba, komai kyansa. Direban danfo ba zai jira kowa ya gama juyi ba.

Na uku, ƙasa. A share yashi da tsakuwa da kwalabe kafin a fara. Siminti mai danshi ko gansakuka santsi gare shi, kuma kun san ruwan Ikko. In an yi ruwa a haƙura sai ya bushe.

Akwai wuraren da muka ce haramiyarsu ne: ƙofar banki, barikin 'yan sanda ko na soja, gidan mai, harabar masallaci ko coci, hanyar motocin BRT, layin dogo, kan gada, da ƙofar shagon mutane. Ba a kuma goga keke a jikin benci ko ƙarfen da ba naka ba.

Sannan hular kwano dole ce. Hannu in ya karye mai ɗori zai gyara, kai fa? Kada yaro ya fita shi kaɗai, kada a wuce magariba, in an kira salla a jingine keke.

Ga roƙonmu. Muna neman mutum biyu cikin manya da za su riƙa raka yaran Surulere safiyar Lahadi, a yi karɓa-karɓa. Muna roƙon mai girma Sarki ya ba mu takarda da za mu kai wa masu makarantun da ke kusa, ko Allah zai sa a dace da haraba. 'Yan'uwanmu masu walda da kafintoci kuma, ku taimaka da ɗan gangaren katako da za a riƙa ɗauka ana ajiyewa. Wanda Allah Ya hore wa, ya sayi hula ɗaya ya kawo wa ma'aji.

Ku kuma yara, kun ji mun tsaya muku a gaban iyayenku. Kada ku ba mu kunya. Ɗa na kowa ne, amma in ya yi ɓarna a garin nan, sunanmu duka ake kira.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wassalamu alaikum.