Rama da Ramuwa a Jikin 'Ya'yan Kifi



Duk wanda ya taɓa duban shanu a ƙarshen rani, sa'an nan ya sāke dubansu bayan damina ta kankama, ya san cewa dabbar da ta rame tana iya mai da jikinta cikin hanzarin da ya fi na wadda ba ta taɓa shan wahala ba. Tun a 1915 Osborne da Mendel, masana biyu na Amurka, suka nuna haka ga ɓeraye. To, kifi ma yana yin wannan ramuwa, kuma tun da abinci yakan cinye fiye da rabin kuɗin da mai kiwon kifi ke kashewa, ba mamaki wani ya ce: me zai hana a riƙa tsallake wa 'ya'yan kifi ciyarwa, tun da za su rama? Wannan ita ce tambayar da za mu duba yau.

Da fari, ta yaya ake gane kifi ya rame? Akwai ma'aunin da ake jingina wa Thomas Fulton na Sikotilan. Akan ninka nauyin kifi na giram sau 100, sa'an nan a raba da tsawonsa na santimita wanda aka ninka da kansa sau uku. Misali, kifi mai tsawon santimita 10 da nauyin giram 10, makinsa 1 ne. In yunwa ta mai da shi giram 8, tsawo kuwa bai sāke ba, makin ya koma 0.8. Amma fa wannan ma'auni yana da ruɗu, gama idan kitse ya zube, ruwa ne ke maye gurbinsa a cikin tsoka, sai sikeli ya ɓoye wani sashe na ɓarnar.

Ita yunwa bi-da-bi take cin jiki. Galibi takan fara da sukarin da hanta ta taskace, sai hantar ta motse. Daga nan ta shiga kitse. Can daga baya ta auka wa tsoka. Hanji kuma yakan yi siriri, ruwan narkar da abinci ya ragu. Idan abinci ya dawo, kifi yakan ci da haɗama fiye da ƙima, ya fara cika rumbun hanta da na kitse kafin girman ya biyo baya. Shi ya sa wanda ya yi gajeriyar yunwa kan cim ma 'yan'uwansa, wanda ya daɗe kuwa sai dai ya rage tazara.

Jama'a, muhimmin abu shi ne shekarun mai yunwar, ko in ce kwanakinsa. Ɗan tarwaɗa yana ƙyanƙyashewa da ƙunshin gwaiduwa a cikinsa, wanda ke ƙarewa cikin kamar kwana 3. Bayan nan ba shi da wani tanadi. A 1963 Blaxter da Hempel, da suke nazarin jariran wani kifin teku da ake kira herin, suka bayyana cewa akwai wata iyaka wadda in jariri ya ƙetare ta, ko an kawo abinci ba shi da ƙarfin kamawa, sai mutuwa. Har ila yau, tarwaɗa mai cin ɗan'uwansa ne: yunwa na shiga, sai manya su fara haɗiye ƙanana. Wato mai kiwo ya je neman ƙiba ya samo rama.

Ba a ce hana abinci ba shi da amfani ba. Kafin a ɗauki 'ya'yan kifi zuwa nesa, akan hana su ci kamar kwana guda don kada kashinsu ya ɓata ruwa. Lokacin hunturu kuma, sanyi kan rage musu ci, sai a rage abin da ake zubawa.

Saboda haka shawarata ga malaman gona ita ce: jariri kada a yi masa rowa ko ta wuni ɗaya, wanda ya tasa, in tilas ta sa ya kwana biyu bai ci ba, a mai da masa abinci sannu-sannu, a auna nauyi da tsawo, a kuma ƙirga nawa suka saura.