Miriam Makeba: Mawaƙiyar Da Aka Hana Komawa Gida

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai)



Da kwamiti ya ba ni zaɓin abin da zan yi magana a kai, sai na ɗauko rayuwar wata mawaƙiya, Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu. Na san wasu malamanmu za su ce me ya haɗa wannan zama da zabiya. Ina roƙon a ɗan yi mini haƙuri, domin labarin nata ya shafi da yawa daga cikinmu da ke zaune a ofisoshin gwamnati.

An haife ta a Johannesburg ranar 4 ga Maris, 1932. Ba ta yi wata guda a duniya ba aka kama mahaifiyarta da laifin dafa irin burkutun ƙasarsu, wanda doka ta haramta wa baƙar fata, don haka watanni shida na farkon rayuwarta a kurkuku ta yi su. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama. A wata makarantar mishan da ke Pretoria ta fara waƙa, amma karatun bai yi nisa ba, ta koma aikatau da rainon 'ya'yan Turawa.

A shekarun 1950 ta shiga ƙungiyar Manhattan Brothers, masu kwaikwayon kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka, daga baya kuma ta yi waƙa da wata ƙungiyar mata mai suna Skylarks, wadda ke gauraya jaz da waƙoƙin gargajiya. A 1959 ta fito a wani fim, Come Back, Africa, wanda aka ɗauka a ɓoye don a tona asirin mulkin wariyar launin fata. Fitowar tata 'yan mintoci ce kawai, amma ita ta kai ta bikin finafinai na Venice a Italiya, sannan Landan, inda ta haɗu da mawaƙi Harry Belafonte, wanda ya taimaka mata ta shiga Amurka. Abin da ya fi burge Amurkawa shi ne ƙarar da take fitarwa da harshe idan tana waƙa da yaren Xhosa. Mu a wurinmu irin wannan ƙara tsaki ce, ta nuna ɓacin rai. Su kuwa harafi ce a cikin kalmominsu.

To, ga inda nake so mu tsaya. A watan Maris na 1960 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville. A cikin shekarar ce kuma mahaifiyarta ta rasu. Ta je ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarta don ta samu zuwa jana'iza. Kamar yadda ta ba da labari a littafin tarihinta, ma'aikacin da ke kan teburi ya karɓi fasfon, ya buga masa hatimin sokewa ba tare da ya ce uffan ba. Wannan aikin da bai kai minti guda ba shi ya raba ta da ƙasarta shekara talatin.

'Yan'uwa, wannan mutum ba soja ba ne, ba ɗan sanda ba. Ma'aikaci ne irina, irin mu da yawa a ɗakin nan, mai teburi da fayil da hatimi. Na tabbata a ganinsa umarni kawai ya bi, kuma ya tashi aiki ranar ya ci abincinsa lafiya. Ko a wurinmu takardar fanshon tsohon malami, ko ta canjin wurin aikin mai jego, takan kwana wata da watanni a kan teburi, mai teburin bai taɓa ganin fuskar mai ita ba. Shi ya sa nake ganin wannan ne babi mafi nauyi a rayuwarta, fiye da duk lambobin yabon da ta samu.

Kafin wannan lokaci ba ta cika sa baki a siyasa ba. Bayansa kuwa ta sa. A 1963 ta tsaya a gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi a ƙaurace wa gwamnatin Pretoria. Aka haramta faifanta a gida. A 1966 ta ci lambar Grammy tare da Belafonte, a 1967 kuma waƙarta Pata Pata ta zagaye duniya. Sai dai da ta auri Stokely Carmichael, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen Amurka, a 1968, masu shirya wasanni suka yi ta soke kwangilolinta. Ta koma Gini, inda Shugaba Sekou Toure ya ba ta masauki da fasfo, har ta wakilci ƙasar a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Nan ma akwai abin dubawa, domin shi kansa Sekou Toure ya cika kurkukun Boiro da 'yan adawa, kuma an soke ta da cewa ba ta ɗaga murya a kan haka ba. A ganina sukar tana da tushe, ko da yake mai zaman aro ba ya cika faɗa wa mai gida gaskiya. Malamanmu da suka ga bikin FESTAC na 1977 a Legas za su tuna tana cikin waɗanda suka yi wasa. A Gini ne kuma 'yarta tilo, Bongi, ta rasu a 1985.

Sai a watan Yuni na 1990, bayan sakin Nelson Mandela, ta taka ƙasarta, kuma da fasfon Faransa ta shiga. Ta je ta ziyarci kabarin mahaifiyarta. Ba ta daina waƙa ba har watan Nuwamba na 2008, lokacin da ta je wani wasa a Castel Volturno, kusa da Naples a Italiya, garin da 'yan daba suka harbe baƙi 'yan Afirka shida watanni biyu kafin nan. Tana gama rera Pata Pata zuciyarta ta buga, aka kai ta asibiti, rai ya yi halinsa. Shekarunta 76.

Shugaba, a nan zan dakata.