Karatun Ma'ajiyar Jini: Ina 'Ya'yanmu?

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, shugabannin ƙungiya, iyaye da 'yan'uwa, ina yi muku barka da zuwa. Ni ɗan kasuwa ne, ba likita ba, amma maganar da zan yi ta shafi kowane gida a nan Ogui, wato maganar jini da masu aikinsa.

Kun san yadda abin yake. Mace ta haihu jini ya ɓalle mata, ko direbanmu ya yi hatsari a hanyar Anacha, ko yaro mai sikila jininsa ya yi ƙasa. An kai shi Parklane, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ya koma Ituku-Ozalla a 2007. Likita ya ce ana bukatar leda biyu, a kawo dangi su bayar. To, ɗan gari danginsa na kusa. Mu fa? Namu suna Kano, suna Sakkwato, suna Maraɗi. Kafin mota ta iso daga Arewa, mai aukuwa ta auku.

Jama'a, jini ba kamar gero ba ne da za a ɗiba a wannan buhu a zuba a wancan. Tun 1901 wani likita ɗan Ostiriya, Karl Landsteiner, ya gano cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne. Yau an san guda huɗu: A, B, AB da O, kuma kowanne akwai fositif da negetif. In aka ƙara wa mutum wanda bai dace da nasa ba, yana iya mutuwa a kan gadon. Saboda haka kafin a ɗaura leda, sai an haɗa ɗigon jinin mai bayarwa da na majinyaci an ga sun zauna lafiya. Sai kuma an tace shi daga cututtuka huɗu: ƙanjamau, ciwon hanta iri biyu, B da C, da tunjere. Sannan a sa shi a firjinsa na musamman, ma'aunin sanyi tsakanin 2 da 6, ya yi kamar kwana 35, bayan nan ya zama asara. Mu da muke kasuwar tumatir da albasa mun san kayan da ba ya jira.

Wanda ke wannan aiki a bayan ƙofa, ba a ganinsa, shi ne masanin ɗakin gwaje-gwaje. Hanyar karatunsa a bayyane take. Yaro ko yarinya su ci darussan kimiyya a sakandare, su yi digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti na shekara 5. Ana yinsa a nan Inugu, a reshen Jami'ar Nijeriya, ana yi a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Bayan nan shekara guda ta koyon aiki a asibiti, sannan rajista da hukumar da dokar 2003 ta ɗora wa kula da masu wannan sana'a. Mai son ƙwarewa sai ya ci gaba, ya keɓe kansa ga fannin jini da ƙarin jini a digiri na biyu. A Amurka ma akwai kwas na kamar shekara guda bayan digiri, wanda ake ba da takardar ƙwarewa kan ma'ajiyar jini kaɗai. Wanda bai samu jami'a ba, makarantun koyon aikin lafiya suna yaye mataimaka a shekara 3.

To, ina 'ya'yanmu a ciki? Yaro ya gama sakandare, sai mu ce ya zo ya tsare shago. Kasuwa gadonmu ce, ba na kushe ta. Amma matar da ba ta jin Turanci ko Ibo, wa zai yi mata bayani da Hausa cewa jininta negetif ne, kuma akwai allurar da ya kamata a yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa don kare cikin da zai biyo baya?

Shawarata uku ce. Ta farko, ƙungiya ta buɗe asusu, mu ɗauki nauyin yaro ɗaya da yarinya ɗaya har su gama. Na san 'yan kasuwar shanu na Gariki Ugwuoba ba za su ba mu kunya ba. Ta biyu, kowa ya je a gwada rukunin jininsa, magatakarda ya rubuta a littafi, don in ta taso cikin dare a san ƙofar da za a buga. Ta uku, mu riƙa bayarwa kyauta tun kafin a nema. Mai lafiya da ya kai shekara 18 da nauyin kilo 50 yana iya ba da leda guda, wadda ba ta kai rabin lita ba, kuma namiji ya sake bayan wata 3. Malamanmu sun halatta kyautar jini don ceton rai; sayar da shi ne abin da aka hana. Ranar 14 ga Yuni ita ce ranar masu ba da jini ta duniya, mu fita a ranar ƙwanmu da ƙwarƙwatarmu.

Da haka nake roƙon shugaba ya sa wannan magana cikin ajandar zama na gaba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya yi wa zuriyarmu albarka. Wassalamu alaikum.